Gandiroban da Ya San Katakrima

Argiris Kontulis ya shekara talatin da ɗaya yana aikin gandiroba a kurkukun tsibirinsu. Bai taɓa dukan fursuna ba, bai kuma taɓa yi wa wani alfarma ba. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauye wajen itatuwan zaitun na mahaifinsa, shi da matarsa Evantiya. Tun da muryarsa tana da ƙarfi, aka ba shi karatun Lahadi a coci, da tsohon Girkancin da rabin jama'a ba sa ganewa sosai.

Wata Lahadi karatu ya kawo shi kan kalmar katakrima, a wurin da aka ce babu ita a kan wanda yake na Almasihu. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙarasa. Bayan an watse ya tare limamin cocin, Papa-Nikodimos.

"Baba, mece ce ainihin ma'anarta?"

"Hukunci ne, amma ba furucin alƙali kaɗai ba. Har da abin da ke biyo baya, horon da mutum zai sha."

"Wannan kam na san shi. Ni nake riƙe masa makulli. To, ta yaya za a ce babu?"

"Ai wani ya riga ya sha a madadinka."

"A wurin aikina ba a yi wa wani zaman wani."

"Shi ya sa ba kai aka ba makullin sama ba, Argiris," in ji limamin.

Bayan shekara biyu aka saki Fotis Dendrinos, wanda ya kashe yayansa kan iyakar gona, ya kuma yi shekara ashirin da biyu a hannun Argiris. Danginsa suka rufe masa ƙofa. A shagon kofi, in ya zauna sai a ja kujera a matsa. Argiris ya same shi zaune a gindin bangon makabarta da jakarsa.

"Tashi. Akwai ɗaki ƙarƙashin gidana."

"Ranka ya daɗe, ba ka gaji da tsarona ba?"

"Ƙofar ba ta da sakata ta waje."

Evantiya ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba. A na huɗu ta sauka ɗakin Fotis da kwanon wake da burodi.

Fotis ya zauna shekara tara. Tare suke kaɗe zaitun, ba sa wata hira. Bai taɓa shiga coci ba, sai dai ya tsaya a farfajiya har a tashi. Argiris bai matsa masa ba, don shi ma bai gama yarda da bayanin limamin ba, ko da yake duk shekara in karatun ya zagayo yana karanta shi da muryarsa ta kullum.

Fotis ya rasu da ciwon huhu a lokacin sanyi. Mutum biyar suka raka shi. Danginsa suka hana a sa shi kusa da yayansa, sai Argiris ya ba da gefen kabarin iyayensa.