Guntun Kanyar Majo Seyni

A bayan tashar Birnin Konni, inda hanyar amalanke ke karkata ta nufi maƙera, akwai wata rumfar kwano mai duhu-duhu wadda in ba ka san da ita ba sai ka wuce. Nan Bawa ɗan Mahaman Mai Icce ya yi wayo, nan kuma furfura ta fara tarar da shi. Ba katakon rufin ɗaki ake sayarwa a wurin ba. Masu wannan suna bakin titi, kamyo, wato babbar motar kaya, ke kawo musu daga kudu. Abin da ke rumfar Bawa guntaye ne, wani bai wuce tsawon kamu ɗaya ba: madobiya mai jan ciki, kirya mai taurin tsiya, aduwa, madaci, sai kanya wadda zuciyarta ke da baƙi kamar an shafa shuni.

Masu sayensu ma ba masassaƙan kasuwa ba ne. Mutane ne masu wani aikin, waɗanda hannunsu ke ƙaiƙayi in sun tashi daga buro, wato ofis. Akwai Mushe Rabi'u, malami a lakwal, wato makarantar boko, da ke yi wa matarsa kujerun tsugunne har ta rasa inda za ta sa su. Akwai wani jandarma da ya shekara biyu yana gyaran wuyan molo ɗaya. Akwai Fulani masu neman kan sanda mai nauyi. Kowa ya zo sai ya zauna, ya shafa wannan, ya sansana wancan, ya ba da labarin garinsu, ya tafi da guntu ɗaya a hammata ko ya tafi hannu sake.

Mahaman, uban Bawa, yana da wata ƙa'ida da ya kafa tun kafin a haifi ɗan nasa. In ɗanyen icce ya zo aka yanka shi gunduwa-gunduwa, wanda ya ga nasa sai a miƙa masa wata wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya zana alamarsa a bakin guntun. Daga ranar ya zama nasa, ko da bai ba da komai ba. Sai a narka kakin zuma a shafe bakunan don kada su tsage, a ɗora a kan duwatsu cikin inuwa, a jira. Aduwa shekara guda take so, madobiya biyu, kanya kuwa sai ta ci uku ko huɗu kafin ta yarda. Duk ranar Juma'a da safe a juya kowane guntu, a share ƙarƙashinsa, a zuba sabuwar toka saboda gara. In aka yi sake wata guda, sai ka ɗaga guntu ka ji shi sakayau kamar ƙwarya.

Bawa ya iya duk wannan tun yana ƙarami, amma ransa ba ya ciki. Abin da yake so shi ne hanya. Duk kamyon da ya taso daga iyaka ya wuce ta gaban tasha, sai ya bi shi da ido har ya ɓace. A shekara ta dubu biyu ya tafi Tawa ya yi jarrabawar tuƙi ya samo permi, ya sa shi cikin wani gwangwanin shayi ya tura ƙarƙashin gado. Abokinsa Labbo, wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya riga ya fara jan kamyo tsakanin Konni da Kwatano, kuma ya yi masa alkawarin wuri a gefensa.

Da damina ta kewayo, ciwo ya shanye wa Mahaman ɓarin jiki. Bai ce wa Bawa ya zauna ba, don magana ma ba ta fita sosai. Wuƙar kawai ya sa aka ɗauko, ya tura masa ita da hannun da ke motsi, ya nuna wajen rumfa da haɓa. Bayan kwana tara aka yi jana'izarsa. Bawa ya ce a ransa zai riƙe wurin har masu alama su kwashe nasu, sannan ya rufe.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, kafin tsofaffin alamu su ƙare, sababbi sun shigo. Mutum zai zo ya yi gaisuwar rasuwa, ya yabi marigayi, idonsa ya faɗa kan wata madobiya, sai ka ga hannun Bawa ya kai ga wuƙa da kansa. Haka shekara huɗu ta wuce. Ya auri Lailatu, suka haifi Mubaraka. Permi yana cikin gwangwani.

Shekarar da fara ta cinye gonaki hatsi ya yi tsada, ita ce ta farkar da shi. Wanda ke neman tiyar gero ba ya tunanin wuyan molo. Bawa yakan wuni a rumfa ba wanda ya leƙo sai akuyoyin maƙwabta. Ran nan Labbo ya zo, ya zauna a kan wani kututturen kirya yana kaɗa makullin mota, ya ce shi fa har yau bai gane ba, tsakanin Bawa da gara wa ke gadin wani. Bawa ya yi dariya, amma da Labbo ya tafi sai ya ɗauki wuƙar ya kai gida, ya sa ta cikin gwangwanin nan tare da permi. Ya daina karɓar ɗanyen icce. Ya ƙirga guntayen da ke da alama, goma sha tara. Ranar da na ƙarshe ya fita, ranar zai sa kwaɗo.

Mushe Rabi'u ya yi ta mita. Ya ce in Bawa ya rufe, su ina za su zauna, gidan mai? Bawa ya saurare shi har ya gama, ya zuba masa shayi, bai fito da wuƙa ba. A hankali duwatsun suka fara zama fayau. Goma sha tara suka koma takwas, takwas suka koma uku. Jandarma ya zo ya ɗauki nasa ana gobe zai bar gari. Kafin ƙarshen shekara ta dubu biyu da shida saura ɗaya tak.

Guntun kanya ne, mai kauri, wanda ya fi kowanne kyau a rumfar. A bakinsa an zana ɗan kifi. Na Majo Seyni ne, wani Bazabarme ma'aikacin jinya a likita, wato asibiti, mutumin bakin kogi, mai yawan dariya, wanda ya ce zai sassaƙa wa mahaifiyarsa ƙaramin akwatin ajiye Alƙur'ani. Ya sa alamar, bayan shekara guda aka canza masa wurin aiki, ya tafi bai bar adireshi ba. Bawa ya tambaya a likita, aka ce kamar Gaya aka kai shi. Ya ba direban Gaya saƙo, aka dawo aka ce ya bar can tuni.

Shekara biyu Bawa yana buɗe rumfa saboda guntu ɗaya. Yana sayar da ƙotar fartanya da ragowar busassun da ba su da mai su don a ci tuwo, amma kowace Juma'a sai ya durƙusa ya juya kanyar, ya share, ya zuba toka. Ya gwada kai ta gida, sai ya ga ɗakinsu na ƙasa gara ta fi yawa, ya mayar da ita. Labbo ya ce ya sayar mana, wa zai sani?

"Akwai kifi a kai," in ji Bawa.

"To kifin ne za ya kai ka ƙara?"

Bawa ya ci gaba da share ƙarƙashin kanyar. Labbo ya daina wasa, ya faɗa masa magana ɗaya: kamyonsa na biyu zai iso kwana uku bayan Babbar Salla. Shekara bakwai ke nan yana ajiye masa wuri. In ranar ta zo Bawa bai shirya ba, ƙanin matarsa zai ba, kuma ba zai sake tayar da zancen ba.

Saura mako biyu Salla, wata Bafulatana mai kawo nono ta tsaya shan ruwa a rumfar, tana ba da labarin yadda aka yi wa ɗanta ɗinki a wani ƙaramin likita na wajen Tajaye. Ta ce majon wurin Bazabarme ne, yana ɗinki yana dariya. Bawa ya bar ta ta kai ƙarshen labarin, sannan ya tambayi sunansa. Ta ce Seyni.

Washegari ya naɗe kanyar cikin buhu, ya ba Lailatu makullin rumfa ko wani zai zo neman ƙota, ya shiga motar kasuwa. Daga inda mota ta sauke shi sai da ya hau amalanke. Ya tarar da Seyni a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, yana wanke hannu, ya yi ƙiba, kansa ya yi fari. Suka gaisa. Bawa ya ce ya kawo masa iccensa.

"Wane icce?" in ji Seyni.

Sai da Bawa ya kwance buhun ya juyo masa bakin guntun. Seyni ya dubi kifin ya daɗe. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce mahaifiyar tasa ta rasu shekara uku da suka wuce, kayan sassaƙar ma ya rabar, kuma wallahi ya ɗauka an sayar tun tuni. Ya ƙwanƙwasa guntun da bayan yatsa, ya yi ƙara tas kamar ƙarfe. Kunya ta kama shi, ya sa aka yanka kaza, ya hana Bawa tafiya sai da ya kwana biyu.

A hanyar dawowa Bawa ya yi ta jiran haushi ya zo masa, bai zo ba. Hannunsa kawai yake ji ba nauyi. Yana kallon titi ta gilashin gaba, yana lura da yadda direba ke sauya giya a hawa.

Da hantsi ya sauka a tashar Konni, bai bi ta gida ba, ya nufi rumfa. Tun daga kwanar maƙera ya ji ƙanshin. Wanda ya tashi cikin icce ba ya ɓata ƙanshin ɗanyar kanya. A ƙofar rumfa ga sawun amalanke, ga garin zarto ya yi tsibi. A ciki, a kan duwatsun da ya bari fayau, guntaye bakwai ne jere, bakunansu jiƙe, kowanne da sabuwar alama. Ya gane tauraron Mushe Rabi'u. Wuƙar mai ƙotar ƙaho tana rataye a ƙusarta ta da.

Lailatu tana zaune a bakin ƙofa da Mubaraka a cinya. Ta yi masa sannu da hanya, ta ba shi ruwa, sannan ta faɗa masa yadda aka yi. Ɗan'azumi na Bazaga ne, tsohon da ke kawo wa babansa icce, iska ta kayar masa da kanya a gona, ya samo takardar 'yan gandun daji ya ɗoro ta. Kafin azahar labari ya kai lakwal. Mushe da mutanensa suka zo da zarto suka taya shi yankawa.

"Wuƙar fa?" Bawa ya tambaya.

"Ni na ɗauko ta. Na san inda take." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Matar Labbo kwana huɗu take ganinsa a wata, Baban Mubaraka. Ɗanta na fari ba ya yarda uban ya ɗauke shi. Ban ce kada ka tafi ba. Ga zarto can, faɗin yatsa kawai za ka cire, alama ta tafi."

Gaskiya ta faɗa. Ba shi ya miƙa wuƙar ba, ba a gabansa aka yi ba. Ya ɗauki zarton, ya ɗora haƙoransa a bakin guntun mai tauraro. Sai idonsa ya kai ga wani ɗan layi siriri kamar gashi da ya fara buɗewa daga tsakiyar baƙin. Kwana biyu ke nan da yankawa, ba wanda ya shafe bakunan. In aka ƙara yini guda, tsagar za ta shige ciki, kanyar da ta yi shekara ɗari tana girma ta koma makamashi. Ya ajiye zarton, ya ce wa kansa bari dai ya shafa kaki tukuna, maganar alama a yi ta daga baya. Ya hura gawayi, ya ɗora tsohon gwangwanin kakin.

Da ya gama shafe na bakwai, alamun suna nan a ƙarƙashin kakin, sun fito raɗau kamar an sa su cikin gilashi.

Kwana uku bayan Salla, Labbo ya tsayar da sabon kamyo a bakin hanya ya tako zuwa rumfa. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi duwatsun, ya dubi wuƙar a ƙusa. Bai yi zolaya ba.

"Shekara nawa?"

"Kanya ce," in ji Bawa. "Huɗu."

Labbo ya gyaɗa kai, ya ba shi hannu, ya ce a gaida Lailatu. Bawa ya raka shi har bakin titi, ya ga ƙanin matar Labbo zaune a bayan sitiyari yana gyara madubi. Ya tsaya har ƙarar injin ta ɓace wajen hanyar Dogonduci. Ranar Alhamis ce. Ya koma ya duba buhun toka, ya ga ba zai isa aikin gobe ba, sai ya ɗauki kwano ya nufi wajen mai tuyar ƙosai ya roƙo.