Saƙon da Ba Ya Shiga Leda

Lokacin da matata ta sami cikin fari ina koyarwa a wata lakwal ta yara a Madarumfa, muna haya ba nisa da tabki. Ranar awonta na farko na kai ta likita a kan babur ɗin daraktanmu, shugaban lakwal ɗin, na koma can nesa gindin bedi na tsaya kamar wanda shan inuwa ya kawo, don kada wani ya gan ni ya gane. Can sai ga ta ta fito tana rufe baki da gefen mayafi, wai sajfam, ungozomar likita, tana son lambar salula. An kawo wani shiri ne: kowane mako za a kira mai ciki, wata murya ta gaya mata abin da ya kamata ta sani daidai da watannin cikinta. Matata ba ta da salula a lokacin, sai aka rubuta tawa.

Muryar ta mace ce, naɗaɗɗiya, ba ta jin abin da aka ce mata. Amma a hankali take magana, kamar babbar ya da ta haihu da yawa kuma ba ta gaji da ƙannenta ba. Ranar Talata take kira, da hantsi, daidai lokacin da yara ke fita shan iska. In ban ɗauka ba ta sake kira da yamma, sai in miƙa wa matata in fita tsakar gida in yi kamar ina gyaran wani abu. Ina jiyo ta tana amsawa: "Lahiya lau, ya gida?" Na sha gaya mata babu kowa a ciki, ta ce ita dai ba ta iya a gaishe ta ta yi shiru.

Da cikin ya shiga wata na bakwai aka zo aka tafi da ita goyon ciki, don haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Ƙauyensu yana kudu da tabki, wajen iyaka, inda salula ke rikicewa ta kama rezon Najeriya, wato layin wayarsu, ko ta rasa duka. Na gwada bar mata ita, kira bai shiga ba, ga shi babu wurin sa mata wuta. Sai salula ta dawo aljihuna, mai muryar nan kuma ta ci gaba da kiranta, ba ruwanta. Ni ƙato da gemu, a bayan aji, ana ce mini 'yar'uwa, ki rage ɗaukar kaya masu nauyi. Abokan aikina suka gano, kullum da safe sai an tambaye ni ya nauyin jiki, ko ya motsa jiya. Na ƙyale su, don ni ma abin yana ba ni dariya. Amma da gaske nake saurare. Uwata tana can wajen Tasawa, ba ni da ya ko ƙanwa a kusa, duk abin da na sani game da halin da matata ke ciki daga bakin matar nan na san shi, har na fara jin ta kamar 'yar gidanmu.

Sauraren ba wuya, isarwar ce aiki. Ranar Asabar nake zuwa gaisuwa. In durƙusa in gaida surukina, wanda kullum yana gindin itace ƙofar gida yana tufkar igiya, sannan in shiga a shimfiɗa mini tabarma bakin rumfa. Surukata takan tsaya daga nesa ta ba ni gefe, mu gaisa kowa idonsa a ƙasa. Matata ta kawo ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta koma ɗaki. Ganinmu ke nan na mako. A gidan nan babu mai ciki. Kowa yana gani, ba mai faɗa, ni kuwa da na jawo abin ni ne na ƙarshen wanda zai buɗe baki a kai. Mutumin da ke wuni yana surutu gaban yara har muryarsa ta dishe, da ya taka zauren nan sai ya zama bebe.

Sai na samo dabara. Duk abin da matar ta faɗa ranar Talata, in mai da shi kaya in sa a leda ranar Asabar. Ta ce a ci ganye, na biya garka bakin tabki na sayo zogale. Ta ce kifi da hanta suna ƙara jini, na yi sammako wurin masunta. Ta ce a kwana cikin gidan sauro ko ana zafi, na kai sabo dal. Maganar ɗaukar kaya ce ta ɗan ba ni wuya, daga baya na shirya da wani mai amalanke a ƙauyen ya riƙa sauke musu jarkokin ruwa, don kada ta je rijiya.

Surukata mace ce mai kaifin hankali da kaifin baki, ba a daɗe ba ta harbo jirgina. Ba ta ce mini komai kai tsaye, kajinta take gaya wa. Ta buɗe leda ta leƙa, ta dubi kajin da ke kiwo gabanta ta ce: "To, yau kuma matar cikin salula kihi tac ce." Wata rana kuma: "Mu da munka haihu ba salula, ko yaya munka yi, oho." Ni dai kaina a sunkuye, ina danne dariya. Amma tana dafawa, kuma ta ƙofar ɗaki na hango gidan sauron a ɗaure. Nakan koma Madarumfa da farin ciki kamar na sha hira da matata.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, ruwan tabki ya ja baya. Wata Asabar matata ta kawo ruwa, na saci kallonta yadda na saba. Fuskarta ta cika har idanun sun ƙanƙance, yatsun da ke riƙe da kwanon sun yi suntum, zobenta ya nutse a ciki. Da ta miƙe sai da ta lalubi bango kafin ta sami ƙofa. Surukata ta ce da kaji: "Wasu sun ɗauka ba mu iya kiwo ba. Ga ta nan ta yi ɓul-ɓul." Na ji daɗi, na ce a raina aikin kifina ne.

Talatar da ta biyo baya na zagaya bayan aji na ɗauka. Bayan gaisuwa matar ta ce maganar yau a riƙe ta da kyau. In fuska da hannuwa sun kumbura, ko kai yana ciwo ba ya sauka, ko ana ganin duhu-duhu, kada a jira ranar awo, kada a jira gobe, a tafi likita yau. Ta maimaita, ta yi sallama.

Na daɗe da salula a kunne bayan ta gama. Hannun nan mai lalubar bango kawai nake gani. Ranar awonta da saura, kuma na san matata. Mai cikin fari ba ta cewa wayyo. Ko kanta zai rabe biyu ba za ta gaya wa uwarta ba, don kada a ce raguwa ce. Na bar wa darakta ajina, na karɓi makullin babur ɗinsa. Har yau in na tuna abin da na fara yi sai in girgiza kai: kasuwa na ratsa. Na bi rumfuna ina dube-dube, ina neman abin da zan saya ya faɗi maganar nan a madadina. Ga mangwaro, ga gishiri, ga tsintsiya, ga sabulu. Babu wanda ke nufin ɗiyarku tana cikin haɗari. Na fito hannu rabbana, na kama hanyar ƙauyensu.

Kafin azahar na isa. Surukina ya gan ni ranar da ba tawa ba, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya biyo ni har bakin zaure. Surukata tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi hannuna ta ga ba leda, ko kaji ba ta yi wa magana ba. Ban jira tabarma ba, na durƙusa a ƙasa.

"Inna, magana gare ni."

Ta tsayar da rariya.

"Matar salula tac ce, in mai ciki..." Kalmar ta fita daga bakina a gidan da ba a taɓa faɗinta ba, na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Surukina ya juya ya koma waje. Na kafa ido a ƙasa na ci gaba, na faɗi kumburin, na faɗi ciwon kai, na faɗi ganin duhu, na ce ran Asabar na ga tana lalubar bango.

"Malam," in ji surukata, "wagga maganar mata ce."

"Na sani, Inna. Ki yi mani gahwara. Ki tambaye ta ko kanta na ciwo. Ke kaɗai za ki iya sa ta hwaɗi."

Ta ajiye rariya ta shiga ɗaki. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, sai shiru, sai ta ɗan ɗaga murya, sannan na ji kukan matata, siriri, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da shi. Da surukata ta fito mayafi na kafaɗarta, katin awo na hannunta. Ta dube ni cikin ido, karo na farko tun da na auri ɗiyarta, ta ce: "Tada babur."

Mu uku muka hau, matata a tsakiya, uwarta a baya. Hanyar yashi ce, babur yana ta wutsil-wutsil, matata kuwa jikinta ya saki, ta kwantar da kai a bayana. Uwarta ta ga in ta riƙe ta kaɗai su biyun za su zame, sai ta zagayo da hannuwa ta damƙi rigata gefe da gefe, ta matse ɗiyarta tsakaninmu. Matar da ko kwano ba ta taɓa miƙo mini hannu da hannu ba. In mun tunkari rami ta ce, "Sannu-sannu, ɗana." Da mun wuce ta ce, "Yi sauri, ɗana." Haka ta yi ta yi har muka ga rufin gidajen Madarumfa.

Sajfam ta ɗaura mata abin awon hawan jini, ta duba, ta sake dubawa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, shi ya fi tsorata ni. Ta yi mata allura, ta sa aka fito da motar marasa lafiya zuwa Maraɗi. A can aka ce in ana son a tsira da ita sai an yi mata aiki an ciro abin da ke cikin, ko da lokacinsa bai yi ba. Aka shige da ita aka rufe ƙofa.

Bayan la'asar muna harabar asibiti, masu jinya kowa da shimfiɗarsa a inuwa. Wata baiwar Allah ta ara mana tabarma guda. Na tsaya a tsaye, don ban san yadda ake zama tabarma ɗaya da suruka ba. Ta matsa gefe ta bubbuga tabarmar da tafin hannu, na zauna a baki-baki. 

"Ka san tana da ya," in ji ta.

Na sani. An ce mini yayar matata ta rasu wurin haihuwa tun kafin in san gidan, ba a ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

"Haka tay yi. Hwuska ta cika, hannuwa sun cika, muna ta murna. Ran nan da sahe tana shara sai ta hwaɗi, jiki na kaɗawa, tana taunar harshe. Munka ce iska ne, munka yi mata hayaƙi. Kahin a ɗaura wa shanu amalanke ta tahi." Ta ja gefen mayafi ta shafa fuska. "Da kac ce kumburi da ganin duhu, ita na gani tsaye gabana."

Ta saki mayafin, ta ci gaba.

"Mijinta ma yana zuwa gaisuwa, kamar kai. Yaro mai kunya, bai taɓa ɗaga ido a gidana ba. Kowa na yabon shi. Ni ma ina yabon shi."

Tausayinta ya kama ni har ya kusa danne tsorona. Na so in riƙe hannunta, ban iya ba. Na dai gyara zama na shigo tsakiyar tabarmar, muka ci gaba da kallon ƙofar nan tare.

Rana ta yi sanyi sannan wata ma'aikaciya ta leƙo. Ta ce an sami ɗiya mace, 'yar mitsitsiya, amma tana numfashi, an sa ta wurin ɗumi. Uwar ba ta farka ba tukuna, mace ɗaya ce aka yarda ta shigo. Surukata ta tashi ta bi ta. Na yi hamdala don ɗiyar, amma gaskiya bakina ne ya yi, zuciyata tana wurin wadda ba ta farka ba. Na yi ta addu'a ina rikita ta, in fara wannan in ƙare da waccan. Mutane suna wucewa da kwanonin abinci, wani yana sauraren rediyo, ni kuwa duk wanda ya taɓa ƙofar sai in miƙe tsaye.

Da surukata ta fito na yi ƙoƙarin karanta tafiyarta tun daga nesa, na kasa. Sai da ta zo dab da ni ta tsaya.

"Ta hwarka," ta ce.

Na rufe fuska da hannuwa biyu.

"Ba ta tambaye ni ba. Ɗiyar ma ba ta tambaya ba tukuna. Kai tat tambaya. Da sunanka, a gabana, ko kunya babu." Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share su ba. "Tashi mu tahi, kada ta ƙara kira, mutane na ji."

Na miƙe, ta wuce gaba tana nuna mini hanya.