Yatsun Thelma

Thelma ta tashi ne a wani ƙauyen bakin ruwa kudu da birnin Hobart, a gidan da duk inda ka taka igiya ce. Ubanta yana da jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, yana dakon tuffa da katako zuwa birni. Da yake bai samu ɗa namiji ba, ita ya koya wa ƙulli iri-iri, da sunan kowace igiya da aikinta. Da manyan motoci suka ƙwace dakon, sai ya jawo jirgin cikin laka a gaban gida, ya koma bakin taga yana kallon yadda yake ruɓewa, har ransa ya yi halinsa.

Ta auri Aubrey Coad, kafintan jiragen kamun kifi, ƙaton mutum mai yawan tsokana. Ba su daɗe da aure ba wani gungume ya zame a wurin aiki ya karya masa ƙugu. Ya tashi da ɗingishi, ba hawa ba ɗauka. Zaman banza ne ya sa ya ɗauki guntun katakon Huon, mai ƙamshin nan da ba ya ruɓa, ya sassaƙa ɗan jirgi tsawon kamu ɗaya, kamannin manyan jiragen da, waɗanda suka kawo fursunoni daga Ingila suka koma da ulu. Gangar jikin ta yi kyau. Da aka zo kan igiyoyi sai yatsunsa suka ƙi, don kowanne kamar ƙotar guduma yake.

"Kawo nan kafin ka shaƙe shi," in ji Thelma. "Wannan ƙullin naka ko akuya ba za ta tsaya a cikinsa ba."

"To, 'yar mai jirgi, nuna mana."

Daga ranar aiki ya rabu biyu. Shi ke sassaƙa a rumfar bayan gida, ita ke goga wa zare kakin zuma, ta bi da hantsaki tana ƙullin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, tun daga dogayen sandunan filafilan har baki. Jirgi ɗaya kan cinye musu hunturu guda. Lauyoyi da likitoci suna saya su sa a akwatin gilashi, masu otal kuma su ɗora a saman kanta. A gindin kowanne Aubrey kan liƙa ɗan tagulla mai rubutu, A. Coad.

"Ni fa?" ta taɓa tambayarsa.

"Coad ɗin ai naki ne. Harafin gaban kawai na ɗauka."

Ta jefe shi da ƙwallon zare, maganar ta wuce. Da wannan sana'a suka rene ɗansu Rodney har ya samu aiki a birni ya yi aure.

A watan Fabrairun 1967, a tsakiyar zafi, wuta ta sauko daga tsaunuka. Da rana tsaka gari ya yi duhu, iska na ɗauko garwashi tana watsawa a kan rufi. Mutanen ƙauye suka runtuma bakin teku. Thelma ta riƙo hannun Aubrey suna gangarawa a hankali saboda ƙafarsa. A tsakiyar hanya ya tsaya.

"Kayan aikina," ya ce.

"Bar su, tsoho. A sayi wasu."

"Da me za mu ci? Yi gaba, ina bayanki."

Ya fizge ya juya. Ta bi shi tana kira, amma hayaƙi ya raba su. Kafin ta isa, rufin rumfar ya rufta a bakin ƙofa. Da hannu ta riƙa jan kwanon da ya yi ja, tana ji yana tari a ciki. Maƙwabcinsu Clarrie ne ya sungume ta ta ƙarfi ya kai ta cikin ruwa, inda suka tsaya har wuya tare da shanu da yara sai da wutar ta wuce. Aubrey bai fito da rai ba.

Ta yi watanni a asibiti. Hannun ya warke, amma yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe, fatar ta yi sheƙi kamar leda. Rodney ya ɗauke ta zuwa gidansa a Hobart. Matarsa Bev ce ke ɓalla mata maɓalli, ta yanka mata nama a faranti. Thelma ba ta ƙorafi, magana ma ta rage ta.

Bayan wasu shekaru, tana yawo a bakin tashar jiragen ruwa, ta hango wani jirginsu ta tagar wata mashaya. Ba gilashi a kansa. Hayaƙin taba ya mai da zaren baƙi, rabinsa ya tsinke yana reto, wani ma ya cusa guntun sigari a kan benen jirgin. Ta shiga ta tsaya a gabansa.

"Mama, shayi ba ma sayarwa a nan," in ji mai mashayar, wani mai tumbi da ake kira Des.

"Jirgin nan na zo gani."

"Aikin marigayi Coad ne. Na nemi mai gyara na rasa. Hannun mutumin nan ya tafi da shi."

"Mijina ne. Igiyoyin ni na ɗaura. Ba ni shi in gyara maka."

Des ya dubi hannuwanta, ya kau da kai da sauri. Kunya ce ta hana shi cewa a'a. Da kansa ya kai mata jirgin gida a mota.

Yankewa ba ta yi mata wuya ba. Ta kama almakashi da hannu biyu ta datse ruɓaɓɓen zaren kakaf, ta wanke katakon har ƙamshinsa ya dawo. Sai ta zauna ɗaurin sabo. Ta san inda kowace igiya ta fito da inda za ta, ido rufe ma za ta faɗa. Hantsakin ne ya ƙi zama a hannunta. Ta gwada da haƙori, ta ɗaura shi a yatsa da roba, duk a banza. Bev ta zauna taya ta, Thelma na faɗa tana yi, amma ƙullin sai ya fito kamar kan ƙusa.

"Ba haka ba. Warware."

"Mama, sau nawa zan warware? Ga yara, ga girki."

Har lokacin tuffa ya zo ya wuce jirgin na kan teburin cin abinci, sanduna tsirara. Ranar da Rodney ya ce gara a mayar wa mai shi, ba ta yi musu ba. Ta ce dai da ita za a je.

Des ya daɗe yana kallon jirgin.

"A da aƙalla yana da igiya," ya ce a hankali.

"Haka ne," in ji Thelma. "Ka yi haƙuri."

Ya karɓa ya kai ɗakin ajiya, wurin fankon kwalabe.

Ta ƙara shekaru kamar goma a duniya, na ƙarshensu a gidan kula da tsofaffi. Ma'aikatan wurin sun san ta da mace mai tsabta, marar fitina, wadda ba ta shiga ajin saƙa da ake yi musu ranar Laraba. Ta rasu da hunturu, ciwon huhu ya ɗauke ta cikin mako guda.