Yammacin da Kaka Ta Ƙare Tatsuniyar Ludayi

Ni malamin Turanci ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, kuma duk shekara akwai mako guda da ba na ƙauna. Shi ne makon da nake koya wa 'yan ajin ƙarshe kalmomin adabi. Farkon jerin ba ya ba ni wahala. Kamantawa, amshi, mutuntarwa wato a sa abin da ba mutum ba ya yi magana, duk ina wuce su da raha. Amma da na doshi kalmomi biyu na ƙarshen jerin, sai zama ya gagare ni. In je taga, in dawo allo, in sake komawa taga. Yaran sun sa mini suna a kan haka, na sani, na dai yi kamar ban ji ba.

Ba a makaranta na fara sanin waɗannan abubuwa ba. A gaban murhun kakata ne, a gidanmu na unguwar Rumde Ajiya. Ita ta haifi babana. Gyaɗa take soyawa cikin rairayi bayan magariba, ta kwana ta huce kafin a kai kasuwa, mu kuwa, ni da ƙanwata Hauwa, aikinmu ɓare bawo da satar ta baki. A wurin nan take yi mana tatsuniya, hannu ɗaya na juya kasko.

A daminar da nake nufi, Baba ya ɗauki albasa ya tafi Kuseri, zai haye da ita can tsallaken kogin Logon. Tafiya ce da ya saba, ba ta ɗaukarsa dogon lokaci. Wannan karon sai shiru. Gidanmu ba waya a lokacin. Umma kuma tana gidan iyayenta a wata unguwa tana wankan jego, saboda haka mu uku ne kawai a gida. Ni yaro ne marar zama wuri ɗaya tun asali, rashin Baba sai ya ƙara mini. Da na ji ƙugin babbar mota a titi, na watsar da gyaɗa na yi ƙofa.

"Maigida, dawo ka zauna," in ji Kaka, don haka take tsokanata. "Wane irin miji ne wannan, matarsa na magana yana gudu? Zo, ga wata tatsuniya ta iso, ba ku taɓa jin ta ba."

"Ta zauna mu ji," in ji Hauwa.

Labarin wata yarinya ne, Ladidi, da ta je wanke-wanke bakin kogi, ruwa ya janye ludayin uwarta. Ta ji tsoron komawa gida hannu sake, sai ta bi gaɓa tana waƙa: "Kogi, Kogi, ina ludayina?" Nan ne namu aikin. Dole mu amsa, "Yana gaba, yana gaba," in ba mu amsa ba Kaka ta kama bakinta. Kogi ya ce wa Ladidi shi bai riƙe ba, ya ba dorina ajiya. Ta yi ta tafiya har ta sami dorina, dorina ta ce ai jiya ta ara wa kada zai sha fura. Kaka na zuwa nan ta sauke kasko.

"Sauran fa?" na ce.

"Sauran sai gobe. Ƙarshen kuwa ba mai jin sa sai ubanku ya dawo. Shi ma bai taɓa ji ba, ba zan ci amanarsa ba."

Haka muka yi ta yi. Kada ya tura Ladidi wurin kunkuru, kunkuru ya tura ta wurin wani masunci kurma, masunci ya nuna mata balbela. Na ji haushin labarin nan ƙwarai. Na ce wa Kaka ludayi ɗaya ne fa, a saya wa uwar wani mana a huta. Ta ce in na yi kuɗi in saya. Duk da haushin, sai ga shi na daina gudu ƙofa, ina tsoron kada in fita a faɗi inda ludayin yake. A raina na riga na ɗaure abu biyun wuri ɗaya: muddin Ladidi na tafiya, Baba ma yana hanya.

Wata rana dab da magariba wani baƙo ya yi sallama, dogon mutum mai Hausa da karin Larabci. Daga baya na san mai masaukin Baba ne a Kuseri. Kaka ta same shi a zaure, suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ji tana kwatanta masa gidan Baffa, yayan Baba. Ta dawo ta yi salla, ta daɗe a kan tabarma. Sannan ta hura wuta kamar kullum, sai dai ba ta ɗora kasko ba.

"Ku matso," ta ce. Ba ta kira ni maigida ba.

Ladidi ta kai inda kogin ya yi faɗi har ba a hango tsallakensa. Kaka ta yi waƙar. Muka buɗe baki za mu amsa, ta ɗaga mana hannu.

"Yau ba amshi. Kogi ya ce mata, yarinya, koma gida. Ludayin yana wurina, ba zai dawo ba. Je ki faɗa wa uwarki, ba za ta dake ki ba. Ladidi ta juya ta kama hanyar gida. Iyakarta ke nan, ƙurunƙus."

Hauwa ta ce, "Kaka, kin manta. Ai kin ce sai Baba ya dawo."

Kaka ta jawo ta jikinta. Ni kuwa na gane. Na miƙe, ƙafafuna na son gudu, amma ban san inda zan nufa ba. Ina tsaye a haka Baffa ya shigo da salati. Kwalekwalen da Baba ya shiga ne ya kife.

Kalmomi biyun nan da ke hana ni zama, ta farko suspense ce. Nakan ce wa yara saiwarta daga Latin take, tana nufin ratayewa, a rataye ran mai sauraro a bar shi yana lilo. Ta biyu denouement. Wannan ba sa shan wahalarta, don daga Faransancin da suke karatu da shi Turanci ya aro ta, sun san kwance ƙulli take nufi. Littafi yana koyar da su a matsayin dabarun jan hankali. Na daɗe kafin na fahimci abin da tsohuwar nan ta yi da su. Ita ma kunnenta na kan titi duk tsawon kwanakin, ɗanta ne fa. Ta rataye mu ne don mu iya jira, ta kuma kwance da hannunta don kada mu ji daga bakin wani.

Bana wata ɗaliba mai yawan gardama ta ɗaga hannu. "Mesiye, wai dole ne kowane labari a kwance shi? Ni na fi son a bar shi a rataye."

Ina bakin taga lokacin. Na ce mata a jarrabawa ta rubuta dole ne. Na kuma ce mata ni ma, da an tambaye ni, da har yau Ladidi tana bin gaɓa.