Reshen da Inna Kulu ke rataye waya

Jama'a, yau na yi aikin da tarihi zai daɗe yana ambato: na datse reshen dogonyaron da ke zubo mana ganye ta kan katanga.

Yana faɗuwa sai ga maƙwabciyata Inna Kulu.

"Malam, ina reshena?"

Na ce, "Inna, gyara aka yi masa."

"Nan nika rataye waya. Duk unguwag ga nan kaɗai sabis ka kamawa. Sani ya kwashi fasinja zuwa Shinkafi, ya ce in ya isa lafiya zai kira."

Ɗanta ke nan, direba. Kun san halin hanyar.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Yanzu haka ina tsaye kan turminta, wayarta a sama, ina rubuto muku da hannu ɗaya. Sani bai kira ba tukuna.