Wasiƙar Saje Da Na Karanta Wa Ɗan Farina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni dattijuwa ce yanzu, amma a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, lokacin da ko a ƙauye ake ganin rediyo rataye a wuyan keke, ina da sauran ƙarfina. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu a wani ƙauye kusa da Sheme. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na yaye autata na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a gidan mai gari, na daure har na iya karanta Hausa da rubuta ta. Cikin matan unguwarmu ni kaɗai na kai ƙarshe, don haka duk wasiƙar da ta zo daga birni ta hannuna take biyowa. Mata suna tsokanata da Malama, ina cewa su bari, amma a raina ina jin daɗi.

Ɗan farina soja ne. Ya shiga lokacin yaƙi bai yi shawara da kowa ba, Allah ya dawo da shi da ransa, sai tabo a kafaɗa. Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba, kakarsa ce ta goya shi. In ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri. Duk tsawon yaƙin nan ban tambayi kowa labarinsa ba, don kada a ce ba ni da kunya. Amma in aka ce mota ta tsaya a bakin hanya, sai na ajiye taɓarya na zauna ina kasa kunne.

Sai rediyo ya fara faɗin cewa an yi doka za a sake tsarin soja. Wai sun yi yawa, kuma yaƙin zamani na injuna ne, ba na yawan mutane ba. Za a sallami wasu, a koya wa sauran sababbin ayyuka. Aka ba su dogon hutu gab da damina, aka ce kowa ya jira saƙo a gida. Ina tankaɗe na ji yana gaya wa matarsa, yana dariya, wai kowa a bariki ya san uwarsa tana karatu, Sajensu ma ya ce shi da hannunsa zai rubuto da Hausa, tunda akwai mai karantawa a gida.

Ranar kasuwar Sheme direban wata babbar mota ya kawo wasiƙar. Ɗan nawa yana gona, sai na buɗe. Saje ya rubuta cewa ya sa sunansa cikin waɗanda za a koya wa tuƙi da gyaran manyan motoci, kuma za a koya masu karatu. Ya ce lallai ya koma bariki kafin watan azumi ya kama, don duk wanda bai zo ba za a ɗauka shi ya zaɓi sallama. Bayan horon za a tura su bakin iyaka. A can ƙasa ya ƙara da cewa a gaida Inna mai karatu. Ni kuwa bakin iyakar nan kawai idona ya gani. Na dubi matarsa tana wanke-wanke da tsohon ciki, na tuna shekarun da na yi ina sauraron tsayuwar mota. Da ɗana na biyu ne, da na kira shi na ce ina tsoro, kada ya tafi. Amma wannan, da wane baki?

Da azahar ya dawo ya durƙusa a inda ya saba. Na ɗaga takardar na karanta gaisuwar yadda take. Daga nan na ci gaba da bin layi da yatsa, ina faɗin abin da babu shi a ciki. Na ce an sallame su, wai sabon tsarin ba ya bukatar waɗanda ba su yi makaranta ba, ya jira takardarsa a gida. Ya roƙe ni in maimaita, na maimaita, ko kalma ban sauya ba. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona bai ci tuwon da aka ajiye masa ba. Da ƙanin ubansa ya ce a kai wa malamin makaranta a Faskari ya sake dubawa, sai ya ce abin da uwarsa ta karanta ba ya neman mai karatu na biyu. Ina ɗaki ina jin su. Na naɗe takardar na tura ƙarƙashin kwanukan jerena.

Azumi ya zo ya wuce. Bayan babbar salla takardar sallama ta iso da gaske, ta rufa wa ƙaryata asiri. Na samu abin da nake so, yana gida, ina jin tarinsa kowace safiya. Amma ba mutumin da ya zo hutu yana dariya ba ne. A majalisa samari suna sara masa suna cewa Kofur mai ritaya, wai gwamnati ta tankaɗe soja shi ya fita a dusa. Yakan yi murmushi ya tashi. Ya daina saurarar rediyo. Abokan aikinsa suna wucewa ta hanyarmu da manyan motoci, in ya hango kakinsu sai ya ratse ta bayan gari. Matarsa ta gaya mani ba rashin aikin ke cinsa ba. Wai ya ba su jininsa, suka dube shi suka ce jahili ne, ko Sajen da ya ɗauko a kafaɗa daga bakin daga bai tsaya masa ba. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Sabuwa, ya sari daji ya yi gona. Ɗan da na ɓoye takarda don ya zauna kusa da ni, sai salla-salla nake ganinsa.

An yi shekaru a haka. Wata shekara da rani ya zo ya daɗe, ya aiko matarsa ta roƙe ni in koya masa karatu, wai ya gaji da dangwala yatsa. Na kasa ƙi. Muna zama a inuwar rumbu da hantsi, tabarmarsa daban tawa daban, ina rubuta baƙaƙe a ƙasa da tsinke yana bi. Wannan ne zama mafi tsawo da na taɓa yi da shi a duniya. Ranar da ya iya haɗa layi, sai ya tambaya ko wasiƙar nan tana nan, yana so ya ga da idonsa yadda aka rubuta korarsa. Ina iya cewa gara ta cinye. Na tashi na ɗaga kwanukan na miƙa masa.

Ya daɗe yana bi da yatsa, leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Inna, ashe sun kira ni."

Ya naɗe takardar yadda take, ya ajiye a gefen tabarmata, ya miƙe. Ya kai bakin zaure na kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi. Ya tsaya bai juyo ba. Na ce tsoro na ji. Ya ce, "Da kin faɗa haka, Inna, da na zauna."

Bai taɓa sake tayar da maganar ba. Yana gaishe ni, yana aiko mani da hatsi, ya ce ya yafe. Amma ni na san abin da na ɗauke masa. Ba aikin soja kaɗai ba ne, shekaru ne da ya yi yana ganin kansa abin yarwa, yana riƙe da Sajen da ya yi masa alheri a zuciya.

Ina kira ga duk wanda Allah ya ba karatu a cikin waɗanda ba su da shi: in an miƙo maka takarda, amana aka miƙo maka, ka faɗi abin da ke ciki ko da ba ya yi maka daɗi. Ku kuma 'yan'uwana iyaye mata, kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce a yar ba. Amma in ta kai ga rayuwarsa, ku buɗe baki. Ni na ji kunyar ce wa ɗana ina tsoron rasa shi, ban ji kunyar yi masa ƙarya ba. Takardar tana nan ƙarƙashin kwanukan har yau. Ku taya ni roƙon gafara.