Rabon Baƙo

Bangon katako ne kawai ya raba shagona na ɗinki da shagonsa na gyaran kwamfuta. In ya yi atishawa a can, ni nake yi masa addu'a daga nan. Tun muna samari muke haka har furfura ta cim mana. Tela yake kirana, shi kuma duk layin Tukunya ake ce masa. Masu ba shi girma sukan ce Malam Tukunya, ya amsa da fara'arsa.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. A cikin kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, shi ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kayan ciki. Masu gyara fawa suke ce masa. Ranar da na fara jin kalmar na leƙa na tambaye shi ko ya koma sayar da nama ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi kam tukunya yake ce wa akwatin, wai duk 'yan gidan daga cikinta suke ci.

Samari kan zo da zumuɗi a ƙara wa kwamfutarsu ƙarfi, a sa wannan, a sa wancan. Sai ya zare tabarau ya ce, "Ɗana, ka ƙaro bakuna a gida, ka duba tukunya kuwa? Ka haɗa abin da kowa ke ci, sannan ka ɗora rabon baƙo." In za a sayi sabuwa sai ya auna ta a tafin hannu. Wadda ba ta da nauyi, in ji shi, lambar da ke jikinta cika baki ne kawai.

A gidansa ma haka abin yake. Shekarar da matata ta rasu, kullum da azahar sai ya ƙwanƙwasa katakon nan. "Tela, zo ka taimake ni, Maman Auta ta sake cika kwano." Na daɗe kafin na gane ba kuskure take yi ba. Ni ne baƙon.

Da ciwo ya kama shi, bai ja ba. Allah ya jiƙan Tukunya, ya sa ya huta. Har yau in zare ya ƙare a keke, shagon ya yi tsit, sai in ji ina jiran tarinsa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana karatun zanen gine-gine. Kafin ya kwanta ya saya mata katin hoto, wato abin da ake sa wa kwamfuta don ta iya ɗaukar manyan zane, amma bai samu ya sa ba. Bayan an share makoki ta buɗe shagon ta sa da kanta, don a gabansa ta tashi. Sai ga ta a ƙofata, ido ya yi ja.

"Baba Tela, na lalata katin. Kwamfutar tana kamawa lafiya, amma da na buɗe zanen sai ta ɗauke ɗif. Ga lokacin miƙa aikin ƙarshe ya matso. Kuma shi ne abu na ƙarshe da Baba ya saya min."

Ni ban san komai a kwamfuta ba, amma kunnena ya sha karatu ta katako. Na ce, "Auta, kin ƙaro baki a gida. Kin duba tukunya?"

Ta dube ni. Sai ta juya da gudu ta kwance fawar.

To, a nan ne telancina ya motsa. Na zaro tef daga wuya na auna tsawonta da faɗinta, muka ɗauke ta da kwalin katin muka nufi shagon masu sayar da kayan kwamfuta. Na faɗa wa mai shagon awon dalla-dalla, na ce ya ba mu wadda ta ɗara wannan da inci biyu.

Ya ce, "Baba, riga za ka ɗinka mata?"

Auta ta tuntsire da dariya har da hawaye. Rabona da jin dariyarta tun mahaifinta na da rai, don haka ban ji haushi ba ko kaɗan. Mai shagon ya nuna min lambar da ke jikin tsohuwar: wat ɗari uku, wato ƙarfin wutar da take iya bayarwa. Ashe ba a jiki girman yake ba, a lambar yake. Kwalin katin kuwa ya ce sai ɗari biyar da hamsin. Ya ɗauko mai wannan lambar ya ce, "Ga ta, cif-cif."

Na ce, "Cif-cif? Ina rabon baƙo?"

Ya tsaya yana dubanmu. "Ku mutanen Malam Tukunya ne?" Auta ta ce 'yarsa ce. Ya yi mata gaisuwa, ya shiga ciki ya fito da mai ɗari bakwai da hamsin. Auta ta duba ta ga wayar da katin yake buƙata tana nan. Ni kuma na ɗora ta a tafin hannu. Da nauyinta.

Muka koma ta ɗaura, ta kunna, ta buɗe zanen. Gida ne mai bene, yana juyawa a hankali a fuskar kwamfutar, da tagoginsa da inuwarsa, fanka na busawa a natse. Ba ta ɗauke ba. Auta ta kifa kai a tebur ta yi kuka, ni ma na goge nawa da bakin riga. Ta miƙa aikinta a kan kari.

Yanzu a shagon take zanenta, ina jin fankar ta katako ina ɗinkina. Jiya da azahar sai na ji ƙwanƙwasa.

"Baba Tela, zo ka taimake ni, Umma ta sake cika kwano."